AIKIN HANNU A GIDA: In Jita Ta Fara Ziza da Hunturu

Kaka ta wuce, gero da dawa sun shiga rumbu, ga hunturu ya sauko da ƙurarsa. A filinmu na wannan wata za mu yi magana a kan jita, gama kowace shekara in lokacin nan ya kewayo mukan ji kuka iri ɗaya daga samari masu kiɗa, na nan Roni da na Kazaure, har Gwiwa da Babura. Suna cewa jitar da take fid da murya garau da damina, yanzu in an taɓa ta sai ta riƙa ziza kamar an rufe ƙudan zuma cikin gwangwani. Ga shi kuwa yanzu ne aka fi bukatarta, saboda waƙoƙin Kirsimati da na Sabuwar Shekara.

Maganar ba ƙarama ba ce. A ƙauyukanmu da yawa jita ɗaya ce tak, ko ta ƙungiyar mawaƙa wadda aka yi karo-karo aka saya, ko ta wani yaro da ya yi noman gyaɗa ya tara kuɗinta. In ta fara ziza, abu biyu yakan biyo baya. Na fari, sai a shiga neman mai laifi, a ce wane ne ya taɓa ta a ƙarshe, har rai ya ɓaci tsakanin abokai. Na biyu, sai wani mai ƙarfin hali ya ɗauko magagari ko filaya ya ce shi zai gyara, garin neman gira a rasa ido.

Abin da muke so mu nuna shi ne, sau da yawa ba wanda ya ɓata jitar. Iska ce ta bushe, itace ya motsa. Saboda haka sai a nemo wurin da zizar take tukuna, sa'an nan a fara da gyaran da za a iya warwarewa in bai yi ba. Magagari shi ne na ƙarshe, yawanci ma ba a kai wa gare shi.

Sassan jita

Bari mu daidaita sunaye domin mu fahimci juna. Jita tana da ciki, da wuya, da kai. A kai ne kunnuwa shida suke, waɗanda ake murɗawa a ja tsirkiya ko a sassauta ta. A bisa wuya an gicciya ƙananan ƙarafa, masu jita suna ce musu firet. Ana ƙirga su daga wajen kai: na 1, na 2, har zuwa 20 ko kusa da haka. Firet na 12 yana tsakiyar tsawon tsirkiya, shi ya sa a nan ake yin awo. A fuskar ciki akwai itacen da aka manne, inda tsirkiyoyi suke kamawa; za mu kira shi jaki, kamar yadda masu goge suke kiran nasu. Tsirkiya tana zaune a kan farin ƙashi biyu: na sama yana inda wuya ya haɗu da kai, yana da tsaga shida, na ƙasa yana tsaye cikin ramin jaki. A jita masu araha roba ce ake sa wa maimakon ƙashi, amma aikinsu ɗaya.

Daga ina ziza take zuwa?

In an kaɗa tsirkiya, tana lilo sama da ƙasa da sauri ƙwarai, lilon kuwa ya fi faɗi a tsakiyarta. In ta sami fili, sai murya ta fito sarai. In ba ta samu ba, sai ta riƙa bugun kan wani firet, wannan bugun shi ne zizar da muke ji. Ke nan duk maganin ziza abu ɗaya ne, watau a ba tsirkiya filin da take bukata, amma kada a ba ta fiye da kima har ta gagari yatsa dannawa.

Kayan kiɗanmu na gargajiya ba su san wannan damuwa ba. Garaya da gurmi da molo, da kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos wanda ya rasu a 2015, duk wuyansu sumul yake, ba firet ko ɗaya. Mai garaya ma da gangan yakan soka wani ɗan ƙarfe mai ƙananan zobba a kan wuyanta domin ta riƙa kacau-kacau, gama haka kunnenmu yake so. Jita dabam take. Kowace murya tata firet ne yake yanke ta, don haka in tsirkiya ta taɓa wani firet da ba nata ba, murya takan shaƙe ta mutu da wuri.

Abin da hunturu yake yi wa itace

Kowa ya san ƙyauren katako. Da damina yakan kumbura har sai an sa kafaɗa kafin ya rufu, da hunturu kuwa ya sassauta har ana hangen haske ta gefensa. Itace yana shan laima daga iska, yana kuma mayar mata. In ya bushe yakan tsuke ta wajen faɗinsa, ta wajen tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi.

Manyan masu ƙera jita suna harhaɗa ta cikin ɗakin da laimar iskarsa take tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100, a nan ne itacenta ya fi zama lafiya. A ƙasarmu ta Jigawa da Kano da Katsina, laimar iska takan wuce kashi 70 cikin watan Agusta, sa'an nan daga Disamba zuwa Fabrairu takan sauka ƙasa da kashi 20 da rana. Iskar da take tsaga mana leɓe, ta kawo faso a ƙafa, ita ce take shiga cikin jita.

Fuskar jita allo ne siriri, kaurinsa wajen milimita 3, an kuwa yi shi da ɗan tudu kaɗan. Sa'ad da ya bushe sai tudun ya kwanta, jaki ya sauka tare da shi, tsirkiyoyi su matso kusa da firet. Sauka ta rabin milimita ta isa ta kawo ziza. Akwai alamu uku da za su tabbatar muku bushewa ce. Ku shafa gefen wuya: in bakunan firet suna kartar hannu, itacen ne ya tsuke ya bar ƙarfen a waje. Ku gicciya rula a fuskar jita bayan jaki: in tsakiya ta faɗa har kuna ganin haske ƙarƙashin rular, fuskar ta kwanta. Ku tuna kuma lokacin da zizar ta soma: in bayan ɗaukewar ruwa ne, to, ba sai an nemi mai laifi ba.

Abubuwa huɗu da za a duba kafin a taɓa kome

Na ɗaya, saiti. Samari da yawa sukan sassauta dukan tsirkiyoyi domin waƙa ta yi daidai da muryar mawaƙa. Tsirkiya sako-sako tana lilo da faɗi, dole ta bugi firet. A mayar da jita kan saitinta na ainihi, wanda aka gina bisa muryar A mai kaɗawa 440 cikin daƙiƙa. Ana samun manhajar saiti kyauta a wayar hannu. Duk awon da za mu faɗa nan gaba, sai jita tana kan saiti ake yinsa.

Na biyu, yatsa. Mai koyo yakan danna tsirkiya nesa da firet, ko ya danna da sanyin hannu. Wurin yatsa shi ne dab da bayan firet, ta wajen kai. A ba wanda ya ƙware ya kaɗa. In shi bai ji ziza ba, jitar lafiya take, yaron ne yake bukatar ƙarin koyo. Haka nan mai bugu da ƙarfi kamar yana sussukar dawa, kowace jita za ta yi masa ziza.

Na uku, tsirkiya. Wadda ta tsufa, ta yi tsatsa, ko ta lanƙwashe, ko zaren da aka naɗe ta da shi ya fara warwarewa, takan yi ziza ita kaɗai ko'ina aka danna ta. Maganinta sabuwa. Mun sani in tsirkiya ta tsinke a ƙauye, yara sukan ɗaura wayar birkin keke. Ba mu raina dabarar ba, gama Mdou Moctar na ƙasar Nijar, wanda jitarsa ta kai shi Turai da Amurka, da wayar keke ya haɗa jitarsa ta fari. Amma wannan a jitar da mutum ya ƙera da hannunsa ne. A jitar kanti, wayar da kaurinta bai dace ba takan cinye tsagar ƙashin sama, ta bar ziza ko bayan an sa tsirkiyar kirki.

Na huɗu, abin da yake rawa. Ba kowace ziza ce ta firet ba. Wani lokaci notin kunne ne ya sassauta, ko jelar tsirkiya da ba a yanke ba tana taɓa kai, ko wani abu ya faɗa ciki. Mutum ɗaya ya kaɗa, wani ya riƙa dafa sassan jita ɗaya ɗaya. Inda ya dafa zizar ta tsaya, nan take. In kuwa an ƙwanƙwasa fuska ko baya da yatsa aka ji kamar wani abu yana kaɗawa daga ciki, mai yiwuwa ɗaya daga cikin 'yan sandunan da suke tallafe allon ne ya ɓamɓare. Wannan aikin mai gyara ne.

Nemo wurin zizar

In an gama da waɗannan huɗu zizar tana nan, sai a zauna a wuri shiru, a bi kowace tsirkiya daga firet na 1 har ƙarshe, ana rubuta inda ta yi ziza. Wurin ne zai faɗi ciwon.

In tana ziza a sake, watau ba a danna ta ba, amma da an danna firet na 1 sai ta daina, tsagar ƙashin sama ce ta yi zurfi.

In tsirkiyoyi da yawa suna ziza daga firet na 1 zuwa wajen na 5, sama kuwa lafiya, wuya ne ya miƙe fiye da kima ko ya ɗan koma baya.

In zizar tana ko'ina, ko ta fi yawa daga tsakiyar wuya zuwa wajen ciki, tsirkiyoyi ne suka yi ƙasa. Wannan ita ce irin ta hunturu.

In a firet guda ne kaɗai, na gaba da na baya lafiya, to, ko firet na gabansa ya ɗago, ko shi kansa ya cinye.

Awo ba ya bukatar kayan kanti. Katin banki kaurinsa milimita 0.76 ne, takardar rubutu kuwa wajen 0.1. A firet na 12, tsakanin kan ƙarfe da cikin tsirkiya mafi kauri, ana so a sami wajen milimita 2.5, watau kati uku su shige da ɗan sauƙi. A tsirkiya mafi siriri ana so wajen milimita 2 ko ƙasa kaɗan, watau kati biyu su shige a sake, uku kuwa su ɗaga ta. Jita mai tsirkiyar roba tana son fiye da haka, wajen 4 da 3.

Gyara na fari: a ba ta laima

Tun da yake bushewa ce ta kawo ciwon, laima ce maganin fari, ba ta kuwa cin ko kwabo. A jiƙa soso, a matse shi sosai har ya daina ɗiga, a sa shi cikin kwanon sabulu na roba wanda aka huhhuda murfinsa. A ajiye kwanon cikin akwatin jita wajen kai, a rufe. Wanda ba shi da akwati ya nemi babbar leda, ya sa jitar da kwanon ciki, ya ɗaure baki. Ruwa kada ya taɓa itacen ko kaɗan. Kowane kwana biyu a duba, in soson ya bushe a sake jiƙa shi.

Itace ba ya shan laima dare ɗaya. A ba shi mako guda, wani lokaci har biyu. Sau da yawa za ku ga fuskar ta ɗago, bakunan firet sun daina karta, zizar ta ragu ko ta tafi gaba ɗaya. Kada a ce za a gaggauta a shafa mata ruwa, ko a kara ta a tururin tukunya. Yin haka yakan narkar da gam, ya ɗaye fenti.

Gyara na biyu: ƙashin hunturu da ƙashin damina

In an ba ta laima amma har yanzu tsirkiyoyi suna ƙasa, sai a ɗaga ƙashin ƙasa. A sassauta tsirkiyoyi, a zare ƙashin a hankali, gama ba a manne yake ba. A lura da gefen da yake fuskantar wuya, da na wajen tsirkiya mai kauri, a sa alama da fensir. A yanko siririn yanki daga tsohon kati, daidai tsawon ramin da faɗinsa, a shimfiɗa a gindin ramin, a mayar da ƙashin bisansa.

Ga lissafin da za a riƙe: tun da firet na 12 yana tsakiya, duk abin da aka ƙara a jaki rabinsa ne yake bayyana a can. Kati ɗaya zai ɗaga tsirkiya wajen milimita 0.4 a firet na 12, yawanci kuwa wannan ya isa. Kada a wuce kati ɗaya, domin ƙashin yana bukatar ya zauna sosai cikin raminsa. In ya yi tsawo a waje zai karkata, har ya iya tsaga jaki. In damina ta dawo, fuska ta ɗago, sai a cire katin. Kun ga gyaran da ake warwarewa ke nan.

A ƙasashen da suke hura wuta a ɗaka da sanyi har iskar ɗaki ta bushe, masu jita sukan ajiye ƙashi biyu, dogo na lokacin bushewa da gajere na lokacin laima. Mu ma muna iya yin haka, abin yi kuwa yana wurin mahauta. Ƙashin ƙafar saniya shi ne irin wanda manyan masu ƙera jita suke so. A dafa shi sosai har maiƙo ya fita, a bar shi ya bushe a inuwa, a yanko da zarto, a goge da samfefa har ya yi daidai da tsohon, sai dai ya ɗara shi tsayi da abin da bai kai milimita 1 ba. Gindinsa lalle ya zama a miƙe: a shimfiɗa samfefa a kan gilashi a goga shi a kai. Tsohon ƙashin kuwa a adana shi, kada a taɓa shi.

Ƙashin sama ma yana da gwajinsa. A danna tsirkiya tsakanin firet na 2 da na 3, a duba kan firet na 1. Ya kamata a ga ɗan fili kamar kaurin takarda. In tsirkiya tana kwance a kan ƙarfen, tsagar ta yi zurfi. A ɗaga tsirkiyar, a sa ɗan guntun takarda cikin tsagar, a mayar. Wannan zai fid da ku sujadar Lahadi. Gyara mai daɗewa shi ne a cika gindin tsagar da garin ƙashi da ɗigon gam mai kamawa nan take, ko a sake ƙashin, amma wannan sai mai natsuwar hannu.

Gyara na uku: rodin cikin wuya

Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuyan jita da nauyin wajen kilo 70, watau fiye da buhun siminti. Domin kada wuyan ya lanƙwashe, ana sa masa rodi a ciki, mai noti da ake ɗaurewa ko a sassauta. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson na Amurka, Thaddeus McHugh, shi ne ya nemi rajistar wannan dabara a 1921, aka ba shi a 1923. Kamfanin Martin, wanda aka kafa tun 1833, bai soma sa irin rodin da ake murɗawa ba sai 1985. Saboda haka ba kowace jita ce take da shi ba. Jita mai tsirkiyar roba, wadda janta yake wajen kilo 40, yawanci ba ta da rodi. Shi ya sa ba a sa mata tsirkiyar ƙarfe, gama wuyan zai lanƙwashe, jaki ma ya iya ɓamɓarewa.

Wuyan kirki ba a miƙe yake sak ba. Yana da ɗan rami kaɗan a tsakiya domin lilon tsirkiya. Ga yadda ake auna shi, da mutum biyu. Ɗaya ya danna tsirkiya mafi kauri a firet na 1, da kuma firet ɗin da yake inda wuya ya haɗu da ciki. Ɗayan ya duba filin da yake tsakanin tsirkiya da firet na 7. Ana so takarda biyu ko uku su shige, watau milimita 0.2 zuwa 0.3. In akwai wannan fili, a ƙyale rodin, ba shi ne mai laifi ba. In tsirkiya tana kwance a kan firet, sai a sassauta rodin.

Notin yana wajen kai ƙarƙashin wani ɗan murfi, ko kuwa ana leƙa shi ta bakin ramin ciki. Yawanci da ɗan makulli mai kusurwa shida ake murɗa shi, wanda makanikai suke ce wa alanki, mai milimita 4 ko 5. A tabbata makullin ya shiga daidai, ba ya rawa. In kana fuskantar notin, murɗawa hagu sassautawa ce, ita ce take ƙara rami. Dama kuwa ɗaurewa ce, tana miƙar da wuya. Mai maganin ziza hagu zai yi. A murɗa kashi ɗaya cikin takwas na kewaye, a sake saiti, a auna. Kada a wuce rubu'in kewaye a rana guda, gama itace yana bi a hankali, gobe za a ga ya ƙara motsawa. A rubuta abin da aka murɗa domin a iya mayarwa. In notin ya ƙi motsi, a tsaya nan. Rodin da ya karye, ko notin da ya cinye, gyaransa yakan fi kuɗin jitar.

Gyara na ƙarshe: firet

In firet guda ake zargi, a ɗora gefen kati a kan firet uku a jere, wanda ake zargin yana tsakiya. Wajen kai a yi da dogon gefen katin, tsakiyar wuya da gajeren, can wajen ciki kuwa a yanko guntu. In katin yana rawa kamar sikeli, na tsakiyar ya fi 'yan'uwansa tsayi. A duba gindinsa da kyau, sau da yawa da hunturu bakinsa ne yake ɗagowa daga itace. A tallafi bayan wuya da tsumma mai kauri, a ɗora ɗan katako a kan firet ɗin, a ƙwanƙwasa a hankali da ƙotar sukudireba. In ya koma ya zauna, shi ke nan.

In bai zauna ba, ko kuwa firet sun cinye har tsirkiya ta yi musu rami, iyakar aikin gida ke nan. Tsayin firet wajen milimita 1 ne kacal, abin da magagari ya ci kuwa ba ya dawowa. An taɓa kawo mana wata jita ta ƙungiyar matasa wadda aka goge firet ɗinta na 3 domin ziza. Da ya yi ƙasa, sai tsirkiya ta koma bugun na 4, aka goge shi, zizar ta matsa na 5, aka yi ta bi har na 9. Da muka auna sai muka tarar tun farko bushewa ce kawai, soso da ruwa ya ishe ta. Sai da aka kai ta Kano aka sake mata firet. Daidaita firet aiki ne da ake yi wa dukansu lokaci guda, da dogon ƙarfe miƙaƙƙe, sa'an nan a sake zagaye kan kowanne. Wanda jitarsa take bukatar wannan, ya tambaya a shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari a Kano, a nuna masa wanda ya saba aikin, ya kuma nemi ganin wata jitar da mutumin ya gyara kafin ya ba da tasa.

Ga iyaye da shugabannin mawaƙa

Rigakafi ya fi magani. Jita ba ta son a rataye ta a bangon majami'a mai rufin kwano daga Lahadi zuwa Lahadi, inda rana take gasa ta, dare kuma ya sanyaya ta. Ba ta son gefen wutar jin ɗumi, ko bayan mota a rana. A ajiye ta cikin akwati ko leda, a ɗakin ƙasa mai sanyi, bisa wani abu domin gara. Daga watan Nuwamba, kafin ma a ji ziza, a sa mata kwanon soso, a cire shi in ruwa ya sauka. Bayan kiɗa a share tsirkiyoyi da busasshen tsumma, gama gumi da ƙura su ne suke cinye su.

Muna kuma ba da shawara a damƙa jitar ƙungiya a hannun mutum ɗaya, a sa ɗan littafi cikin akwatinta. Duk abin da aka yi mata a rubuta da kwanan wata: ranar da aka sake tsirkiya, ranar da aka sa kati, yawan abin da aka murɗa a rodi, da awon firet na 12 da damina da kuma na hunturu. Shekara guda ta isa ku san halin jitarku, ku san lokacin da take sauka da lokacin da take tashi.

Ku iyaye kuwa, in ɗanku ya zo da jita tana ziza, kada ku yi saurin faɗa masa ya lalatar da kayan mutane. Ku sa shi ya zauna ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa. Yaron da ya koyi aunawa kafin ya yanka, abin zai amfane shi a keke, da keken ɗinki, da injin ban ruwa.

Wanda ya gwada ya rubuto mana abin da ya samu, ya faɗi firet ɗin da zizar take da watan da ta soma, domin mu iya ba shi amsa daidai. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake sake tsirkiya ba tare da ta riƙa zamewa daga kunne ba.